Zubi

zubi (suna, namiji). A nazarin adabi da fim: yadda aka jera al'amuran labari, daga mabuɗi zuwa ƙulluwar rikici da warwararsa. Akan ce zubi da tsari. A Magana Jari Ce, Abubakar Imam ya saƙa labarai cikin labari ta bakin aku.

Fursuna mai son rubutu ya fi kowa buƙatar riƙe zubi a ka, domin takarda kan gagare shi. Pramoedya Ananta Toer na Indonesiya, wanda aka tsare a tsibirin Buru daga 1969 zuwa 1979, da baki ya fara ba 'yan'uwansa fursunoni labarin wani mai suna Minke, kafin a bar shi ya rubuta. Littafin farko na wannan labari, Bumi Manusia, ya fito a 1980.