Ladabin amfani da wayar hannu a taruka a karkarar Kano

Ladabin amfani da wayar hannu a taruka shi ne ƙa'idojin da jama'a ke bi wajen rage sautin waya ko kashe ta a wuraren da ake buƙatar natsuwa, kamar masallaci, wajen tafsiri, zaman makoki da ɗaurin aure. A ƙauyukan arewacin jihar Kano, irin na ƙananan hukumomin Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunchi, ƙa'idojin ba rubutattu ba ne, galibi ana koyon su ne daga tunatarwar limamai da tsawatarwar dattawa.

Tarihi

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agusta na 2001, da kamfanonin Econet da MTN. Glo ya biyo baya a 2003. Da farko a birane aka fi samun ta, daga baya ta bazu cikin karkara. Yankin da ke kewaye da birnin Kano yana da cunkoson jama'a, gonaki a jere da juna, ƙauyuka kusa da kusa, shi ya sa da wuya mako ya wuce ba a yi suna, ɗaurin aure ko jana'iza ba. Wannan ya sa batun ƙarar waya a cikin taro ya zama ruwan dare.

Saitin sauti

Yawancin wayoyi suna da hali huɗu: ƙara, girgiza, shiru, da kashewa gaba ɗaya. A ƙananan wayoyi masu madannai, kamar na Nokia da yawa, danne madannin # na ɗan lokaci yana mai da waya shiru. Manyan wayoyi kuma suna da tsarin hana damuwa, wanda ke toshe sauti amma ya bar kiran wasu zaɓaɓɓun lambobi ya shigo. Manoma da 'yan kasuwa kan ƙure ƙarar waya don su ji kira a gona ko a kasuwa, sai a manta a shiga taro da ita a haka.

A masallaci

A masallatai da dama ana liƙa sanarwar a kashe waya, liman ma kan tunatar kafin kabbarar harama. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, wajibi ne a yi shiru yayin huɗubar Juma'a, don haka amsa kira a lokacin laifi ne. Idan waya ta yi ƙara ana cikin salla, malamai da yawa sun yarda mai ita ya sa hannu ya katse, domin ɗan motsi kaɗan ya fi sauƙi a kan shagaltar da sahu duka.

A 2007 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta hana sanya ayoyin Alƙur'ani a matsayin sautin kira, saboda amsa waya na iya yanke aya a tsakiya.

Makoki da zaman dattawa

A zaman makoki, waƙa ta tashi daga aljihun mai gaisuwa abin kunya ne. Wanda kira ya kama shi yakan tashi ya koma gefe, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Haka kuma ana ɗaukar latsa waya a gaban dagaci ko mai unguwa yana magana a matsayin raini.

Matsalar kashe waya

Kashe waya gaba ɗaya yana da nasa haɗarin. A ƙauyen da asibiti ke da nisa, kira ɗaya na iya zama na neman mota ko babur don kai mai naƙuda. Sau da yawa kuma waya ɗaya ce gida guda ke dogaro da ita. Saboda haka direbobi, 'yan acaɓa da ma'aikatan lafiya sukan fi son sa waya a girgiza, su zauna a bakin taro inda za su iya fita ba tare da sun tsallake mutane ba.