Hango haɗari a tuƙi

Hango haɗari shi ne iyawar direba ta gane abin da ka iya jawo hatsari a kan titi tun kafin ya auku. Masu koyar da tuƙi suna rarraba irin waɗannan yanayi gida-gida, musamman na cikin birni, inda motoci da babura da masu tafiya a ƙasa ke cuɗanya a wuri guda.

Rabe-rabe

Akwai haɗarin da ba ya motsi, kamar kwana, mahaɗa, shataletale da wurin gyaran hanya. Wannan shi ne mafi sauƙin koyarwa, domin galibi akwai alamar da ke sanar da shi.

Sauran biyun sun danganci abin da ke motsi. Haɗari mai yiwuwa shi ne wanda bai tilasta wa direba yin komai ba tukuna, misali bas da ta tsaya a gefen titi tana sauke fasinjoji. Da zarar wani ya ɓullo ta gaban bas ɗin zai tsallaka, ya zama haɗari mai tasowa, wato dole direba ya rage gudu, ya kauce ko ya tsaya. A nan ne sabon direba ya fi makara: yakan kafa ido kan motar da ke gabansa, bai tanadi abin da bas ɗin ta kare masa ba.

Gwaji a Birtaniya

Tun shekarar 2002 Birtaniya ta sanya gwajin hango haɗari cikin jarrabawar lasisin tuƙi. Mai neman lasisin mota yana kallon gajerun bidiyo 14 masu ɗauke da haɗura masu tasowa 15, ya danna da zarar ya hango. Kowanne yana da maki har biyar gwargwadon saurin ganowa, kuma ana cin jarrabawar da maki 44 cikin 75. Wanda ya yi ta dannawa barkatai ba ya samun komai a wannan bidiyon.

Auna tsanani

Injiniyoyin hanya kuwa suna rarrabawa ne ta tsanani. A Jami'ar Lund ta Suwidin, Christer Hydén ya bunƙasa hanyar ƙirga lokutan da aka kusa yin karo, ta duban gudun abin hawa da lokacin da ya rage sa'ad da aka taka birki. Da haka ake gano mahaɗa mai haɗari ba tare da jiran a yi asarar rai ba.