Yadda ake auna ruwa kafin a kafa lambun gida

Auna ruwa shi ne matakin farko ga mai son kafa lambu ko garka a gida, kafin ya sayi tiyo ko inji. Abu biyu ake son sani: yawan ruwan da famfo ko rijiya ke bayarwa, da yawan da shuka ke sha a rana. Idan na biyun ya fi na farko, lambun kan bushe a tsakiyar rani bayan an riga an kashe kuɗin iri da taki.

Famfo

A kafa jarka mai lita 20, wadda ake kira bido a Nijar, a buɗe famfo gaba ɗaya, a duba agogo. Idan ta cika cikin daƙiƙa 80, famfon na ba da lita 15 a minti ɗaya, wato lita 900 a awa. A maimaita awon da safe da yamma, lokacin da maƙwabta ke ɗiba, sannan a yi lissafi da adadin da ya fi ƙanƙanta.

Rijiya

A rijiya, saurin dawowar ruwa ake aunawa. A zura igiya mai dutse a gane inda ruwa ya tsaya, a ɗebi ruwa da yawa, a sake aunawa, sannan a jira awa ɗaya a ga yadda ya hau. A rijiya mai faɗin mita 1, hawan santimita 10 daidai yake da kusan lita 78. An fi son a yi wannan awo a Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya.

Buƙatar shuka

A yankin Sahel, kayan lambu irin su tumatir, albasa da salati kan sha kimanin lita 5 zuwa 6 a kowane murabba'in mita a rana lokacin sanyi, lita 8 zuwa 10 kuma lokacin zafi. Ke nan lambu mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 na buƙatar aƙalla lita 800 a rana cikin bazara, wato tano ko duro huɗu masu lita 200. Famfon da aka ambata zai cika su cikin ƙasa da awa ɗaya. A wata kuma lita 24,000 ke nan, mita kubik 24 a takardar kuɗin ruwa.

Ƙarfin turawa

Mai son ban-ruwa na ɗigo-ɗigo sai ya kula da tsayin ma'ajiyar ruwa, domin tsayin ne ke tura ruwa cikin tiyo. Ƙananan na'urorin gida kan yi aiki idan an ɗora tano a kan dakali mai tsayin mita 1 zuwa 1.5, tare da matacin da zai tare yashi.

Idan lissafi ya nuna ruwa bai kai ba, a rage yawan fangali, a rufe ƙasa da ciyawa ko kara don rage bushewa, a riƙa ban-ruwa da sassafe ko da yamma.