Daga Barikin Soja Zuwa Kwalbar Riga-kafi: Waiwaye Kan Adenobairos

Yau idan yaro ya kwana da zazzaɓi, maƙogwaro na ciwo, idanu sun kaɗa sun yi ja, aka gwada jini ba a ga maleriya ba, likita kan ce mana bairos ne, a yawaita ba shi ruwa, a bar shi ya huta. Sau da yawa adenobairos ne. Abin ya zama jiki, har mun manta an daɗe ana fama da wannan ciwo ba a san mai kawo shi ba.

Ciwon ya riga sunan. Tun a 1889 wani likitan ido a Biyana, Ernst Fuchs, ya bayyana wani jan ido mai yaɗuwa da ke barin ɗigo-ɗigon hazo a kan baƙin ido. A 1941 ya ɓarke tsakanin masu aikin jiragen ruwa a Hawai, ya kama dubban mutane. Lebura kan je shagon magani na ma'aikata a cire masa ɓurɓushin ƙarfe daga ido, ya dawo da ciwon da hannun mai magani ko kayan aikinsa suka shafa masa. A shekarun nan kuma barikokin sojan Amurka na fama da wata masassara mai tari da ke kwantar da kurata duk hunturu, ba kuwa infuluwenza ba ce. Ba wanda ya zaci dangin ƙwaya ɗaya ne ke ɓarnar nan biyu.

Asiri ya fara tonuwa a 1953. Wallace Rowe da Robert Huebner, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, suna renon 'yar tsokar nan ta bayan hanci da ake cire wa yara a tiyata. Bayan 'yan makonni sai tsokar ta soma lalacewa da kanta, alhali ba a zuba mata komai ba. Ashe wata ƙwaya ce ta biyo ta daga jikin yaran, tana laɓe a ciki. A 1954 Maurice Hilleman da Jacqueline Werner suka ba da labarin wadda suka samu a jikin wani kurtu a barikin Fort Leonard Wood, a 1955 kuma Ernest Jawetz ya gano mai kawo jan idon nan. Da aka gwada aka ga 'yan gida ɗaya ne, sai a 1956 aka raɗa musu suna adenobairos daga sunan waccan tsoka.

Sojoji ne suka fara cin moriyar binciken. Daga 1971 aka riƙa ba kuratan Amurka riga-kafin iri na 4 da na 7 na ƙwayar, wanda haɗiya ake yi. Ƙwayar cutar na nan da ranta, sai dai an lulluɓe ta yadda za ta wuce maƙogwaro ba ta taɓa shi ba, ta buɗe can cikin hanji, jiki ya koyi yaƙarta ba tare da jinya ba. Barikoki suka lafa. Daga baya kamfani ɗaya tilo da ke yin maganin ya daina a 1996, ajiya ta ƙare a 1999. Nan take masassarar ta dawo, har aka rasa rayukan samari, ba a sake samun riga-kafin ba sai 2011. Shekara 12 na wahalar da sakaci kaɗai ya jawo.

A ɗaya ɓangaren kuma ƙwayar ta shiga wata rayuwa ta daban a ɗakunan gwaje-gwaje. Da ita Richard Roberts da Phillip Sharp suka gano a 1977 cewa saƙon gado a jikin halitta yakan zo gutsure-gutsure, sai an yanka an haɗa, binciken da ya ba su kyautar Nobel a 1993. Masana suka koyi rarake ta kamar ƙwarya, su zuba saƙon da suke so ta kai cikin jiki. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba: a 1999 Jesse Gelsinger, ɗan shekara 18, ya rasu a wani gwaji irin wannan a Jami'ar Pensilbeniya, aka koma aka tsaurara dokoki. Amma aikin bai mutu ba. Allurar korona ta AstraZeneca da ta sauka Abuja ran 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, da adenobairos na birin cimfanzi aka yi ta, bayan an hana shi hayayyafa.

Yara fa, waɗanda a jikinsu aka fara ganinta? Tun shekarun 1970 aka hango wasu irinta a bayan gidan jarirai masu gudawa, waɗanda aka sa wa lamba 40 da 41, suna kuma cikin manyan masu kawo gudawar ƙananan yara. Yawancin masu kamuwa kan warke da kansu, amma jariri ko mai raunin garkuwar jiki na iya zarcewa da ciwon huhu. A 2018 iri na 7 ya kashe yara 11 a wani gidan jinya a jihar New Jersey. Har yau riga-kafin na sojan Amurka ne kaɗai, magungunan kashe bakteriya kuwa ba sa taɓa ta. Ƙwaya ce mai taurin rai, takan daɗe a kan tawul da marikin ƙofa. Abin da ke hannunmu shi ne sabulu da ruwa, raba tawul, ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, da garzayawa asibiti idan numfashin yaro ya yi sauri. Ilimin da ya iya mayar da wannan ƙwaya jakadiyar riga-kafi yana da sauran bashin da bai biya yara ba.