Takardar Kwabo: Hotunan Hunturun Japan da Takardun Kasuwarmu

A ofishin malamai na makarantar da muke koyarwa a nan ƙasar Kazaure akwai wata tsohuwar kalanda da wani mai sayar da kayan babur ya ba mu kyauta. Shekararta ta daɗe da wucewa, amma an ƙi cire ta saboda hoton da ke shafin watan Janairu. Wani ƙauye ne da daddare, dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufin gidaje da duwatsu, ga mutum biyu sun sunkuya suna hawan tudu, na uku kuma ya ba su baya, yana gangarawa da lema da sanda. Ɗaliban da ke kawo littattafan aiki sukan tsaya su ce, “Malam, wannan farin auduga ce ko gishiri?” A ƙasan hoton an rubuta sunan mai zanen da ƙananan baƙaƙe, wato Hiroshige. Bin sawun wannan suna ne ya kai mu ga tarihin da za mu kawo, wanda muke ganin ya shafi duk mai riƙe da alƙalami a ƙasar Hausa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sassaƙa hatimi a bakin kotu ko gidan waya ya ga tushen wannan sana'a, domin asalin hoton bugu ne da aka yi da allon katako. Daga 1603 zuwa 1868 gidan Tokugawa ne ke riƙe da mulkin Japan, mazauninsu kuwa birnin Edo, wanda a yau ake kira Tokiyo. Zaman lafiya ya ɗore, fatake da masu sana'a suka sami abin hannu, karatu ya yaɗu, sai kasuwar littattafai da hotuna ta buɗe. Sunan da suka ba waɗannan hotuna shi ne ukiyo-e, ma'ana hotunan duniya mai shawagi, wato duniyar wasa da annashuwa wadda ba ta tabbata. Da farko baƙar tawada kaɗai ake bugawa, in ana son launi a shafa da hannu. Sai a 1765, zamanin wani mai zane Suzuki Harunobu, aka ƙware wajen buga hoto mai launuka da yawa.

Aikin na mutum huɗu ne. Akwai mai shagon da ke zuba jari ya kuma sayar, da mai zane, da masassaƙi, da mai bugu. Mai zane zai yi zanensa a siririyar takarda, masassaƙi ya kife ta a kan allon itacen ceri, ya bi layi-layi yana ƙwaƙule duk inda babu tawada. Ke nan zanen hannun gwanin yakan hallaka tun a wannan mataki. Kowane launi da allonsa, har a kai goma ko fiye. Mai bugu zai shafa launi a allo, ya ɗora takarda mai ɗan laima wadda aka yi da ɓawon itace, ya goga bayanta da wani ɗan faifai da ake riƙewa a tafin hannu, sannan ya matsa zuwa allo na gaba. Ba inji a ciki ko kaɗan.

Shekaru da dama 'yan wasan kwaikwayo da 'yan kokawa da kyawawan mata ne suka cika kasuwar. Wajen 1830 ne hoton ƙasa da yanayi ya karɓe ta, lokacin da Hokusai, yana da shekara kusan saba'in, ya fitar da jerin hotunansa na Dutsen Fuji. Hiroshige, wanda aka haifa a 1797 ya rasu a 1858, ya biyo baya a 1833 zuwa 1834 da jerin zangogi 53 na hanyar Tokaido, wadda ta haɗa Edo da Kiyoto. Hoton kalandarmu ɗaya ne daga cikinsu, zangon Kanbara. Wani abin mamaki, Kanbara gari ne na bakin teku mai ɗumi, inda da wuya dusar ƙanƙara ta sauka, saboda haka ana ganin daga kansa ya ƙago wannan dare. Farin da ɗalibanmu ke tambaya a kai kuwa, a hoto na asali, takardar ce tsurarta da aka bari ba a taɓa ba. Wannan ne ya sa hoton hunturu ya fi sauran wuyar ajiya, domin da zarar takarda ta yi ja ko ta yi dabbare-dabbare, to dusar ta tafi, ba kuma mai iya dawo da ita.

To amma fa a zamaninsu waɗannan hotuna kayan kasuwa ne. Kuɗin guda bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. Matafiyi ya saya ya kai wa iyali tsaraba, a manna a bango ko a jikin ƙofa, in ya koɗe a yar. Manyan masana na ƙasar ba su ɗauke su a bakin komai ba. Bayan da jiragen yaƙin Amurka suka tilasta wa Japan buɗe tashoshinta daga 1853, sai hotunan suka fara kwarara zuwa Turai. Ana ma ba da labarin cewa waɗansu sun fara isa Faransa ne a matsayin takardun da aka naɗe tangaran da su. Baje-kolin duniya na birnin Faris a 1867 ya ƙara fito da su fili. Monet ya tara fiye da ɗari biyu a gidansa, Van Gogh kuma ya zauna a 1887 ya kwaikwayi biyu daga hotunan Hiroshige da fentin mai. Dillali ɗaya kawai, Hayashi Tadamasa, ya fitar da fiye da dubu 150 tsakanin 1890 da 1901. Kafin mutanen ƙasar su farga, mafi kyawun abin ya riga ya ƙetare teku.

A 1921 waɗansu 'yan'uwa biyu, William da John Spaulding, suka ba gidan adana kayan fasaha na Boston hotuna fiye da dubu shida, bisa sharaɗin kada a taɓa rataye su a ɗakin nuni. Mai so ya gani sai ya nemi izini a buɗe masa. Dalili kuwa, yawancin launukan daga furanni da ganyaye aka samo su, haske kuma cinye su yake yi. A yau hotunan nan na Boston suna cikin waɗanda ake komawa gare su in ana son sanin ainihin launin da mai bugu ya shafa. Shekara biyu bayan wannan kyauta, girgizar ƙasa da gobarar 1923 suka cinye Tokiyo, har da shagon Watanabe, mutumin da ya farfaɗo da sana'ar, da allunan Kawase Hasui, wanda ya shahara da hotunan dusar ƙanƙara. A 2023 an sayar da bugu ɗaya na hoton igiyar ruwa na Hokusai a New York kan fiye da dala miliyan biyu da rabi.

Masu sayen irin wannan kaya sukan fara da juya takardar, domin a bugun hannu launi yakan ratso ta baya, a kuma ga sawun gugar faifai. Sukan duba kaifin layi, saboda allo yana cinyewa da yawan bugu, na farko ya fi na baya tsabta. Sukan duba ko an datse gefe, ko an manna hoton a kwali, sannan su nemi ɗan hatimin masu tace ɗab'i, wanda hukuma ta wajabta tun 1790, yake kuma taimakawa wajen gane zamanin bugu.

Mai karatu zai iya cewa, mu da ba mu da dusar ƙanƙara, ba mu da dala, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne mu ma muna da takardar kwabo, kuma muna kan yi mata abin da Japanawa suka yi wa tasu.

Kakanninmu sun san darajar takarda lokacin da take tsada. Daga Italiya ake kawo ta, ta biyo ta Tarabulus ko Misira a bayan raƙumi, mai tambarin jinjirin wata uku wanda ba a ganinsa sai an ɗaga ta a haske. Malami ya rubuta da tawadar gabaruwa, ya tara warƙoƙin cikin tadarishi, ya sa a gafaka, ya rataye nesa da ƙasa. Duhu, da bushewa, da nisa daga gara: abin da masanan Boston suke yi ke nan. Da inji ya zo takarda ta yi araha, sai wannan ladabi ya tsaya a kan Alƙur'ani da manyan littattafai kaɗai. An fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sannan a shekarun 1950 hukumar NORLA ta cika Arewa da ƙananan littattafan Yaƙi da Jahilci da jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Sodangi ta Kano, wadda ita ce tamu tun da a lokacin Kazaure tana cikin Lardin Kano. Ga kuma 'yan littattafan ajami na waƙoƙi da addu'o'i, waɗanda magwanin rubutu ke rubutawa da hannu, a ɗauki hotonsu a buga, 'yan koli su ɗebo daga Kasuwar Kurmi su baza a tabarma ranar kasuwa daga Babura har Gwiwa. Ga almanak na hotunan sarakuna da shehunnai da 'yan siyasa. Daga baya, tun shekarun 1980, ga littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, da bangayensu da masu zane suka yi da hannu.

Wa ke da cikakken jerin ko ɗaya daga cikin waɗannan a gidansa? Lokacin da masana ke ta musu a jaridu a shekarun 1990 kan ko littattafan soyayya adabi ne, Graham Furniss da abokan aikinsa suna saye suna tarawa a Landan, har suka fitar da kundin sunayen littattafan a 2004. Littattafan kasuwar Onica ma, waɗanda yaƙin basasa ya karya kasuwarsu, yau a ɗakunan karatu irin na Jami'ar Kansas ta Amurka ake zuwa nemansu. Ba ma zargin wanda ya saya. Da kuɗinsa ya saya, a lokacin da mu ke ƙunshe ƙosai da tsire da su.

Mu kanmu ba mu tsira daga wannan laifi ba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, malamin Yaƙi da Jahilci ne a ƙasar Roni, ya kuma bar kwali guda cike da Sodangi da littattafan NORLA. Muka tura shi ƙarƙashin gado a ɗakin ƙasa, muna cewa sai an sami hutu. Damina biyu kawai aka yi. Da muka jawo kwalin, gindinsa ya tsaya a ƙasa, gara ta mai da cikinsa shuri. Littafi uku muka tsira da su, waɗanda wani ƙanenmu ya ara bai mayar ba.

Daga nan muka koyi abin da za mu iya gaya wa 'yan'uwa marubuta. Maƙiyan takarda a ƙasarmu su ne laimar damina mai kawo fumfuna, da busasshiyar iskar hunturu mai sa ta ƙage ta karye, da rana, da gara, da ɓera, da kyankyaso. Adakar ƙarfe a kan benci, nesa da bango, ta fi kwali. A shimfiɗa takarda a kwance, kada a naɗe, a sa farar takarda tsakanin kowace biyu. A cire fil da duk ƙarfen da zai yi tsatsa. Salatif kuwa annoba ne: gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar jan tabo har abada, haka ma liƙewa da leda a inji, wadda ba ta warwaruwa. Masu gyaran tsofaffin takardu a duniya da siririyar takardar Japan da kullun sitacin alkama suke ɗinke yaga, domin ana iya jiƙa shi a cire. In ana son ado a bango, a rataya hoton abin, a ɓoye na asali. Wanda zai buga littafi kuma, don Allah ya sa shekara, da sunan maɗaba'a, da sunan wanda ya zana bango. Da yawa daga littattafan kasuwarmu ba su da ko ɗaya, alhali hoton Kanbara yana ɗauke da sunan mai zanensa da hatimin mai shagon da ya buga shi.

Kalandar ofishinmu bugun inji ce, ba ta kai kuɗin kwanon taliya ba, kuma shafinta ya riga ya fara ja ta ɓangaren da ke fuskantar taga. A hutun da ya wuce muka nemi izinin shugaban makaranta muka cire shafin Janairu, muka sa shi tsakanin farar takarda biyu, yana cikin adaka tare da littattafan nan uku na mahaifinmu.