Daga Bencin 'Yan Canji Zuwa Banki

Ina aji biyu a sakandare aka ba mu wata jimla: wani ya zauna a "bank" yana kamun kifi. Ni kuwa na ce ai a cikin banki yake zaune! Aji ya kwashe da dariya, ranar na sha kunya.

Ashe kalmomi biyu ne masu kama ɗaya. "Bank" na gaɓar kogi ya shiga Turanci ne daga tsohon harshen mutanen Arewacin Turai. Na kuɗi kuma daga Italiya ya fito, "banca", wato bencin da 'yan canji ke baje kuɗinsu a kasuwa. In ɗan canji ya karye, sai a ce "banca rotta", karyayyen benci. Nan aka samo "bankrupt".

Daga baya ma'anar ta kai ga duk wurin ajiya. A 1937 wani likita a Chicago, Bernard Fantus, ya raɗa wa ma'ajiyar jini suna "blood bank". In Bature ya ce "bank on me" kuwa, nufinsa ka dogara da ni. Kun ga kenan, daga benci an koma maganar amana.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.