Yadda Tankar Tiger ta Jamus ta Koma Ƙaramin Samfurin Roba

Haɗa ƙananan samfuran kayan yaƙi, wato sayen kwali mai ɗauke da gutsattsarin roba da aka zuba a siffar sassan jirgi ko tanka domin mai saye ya yanke su, ya liƙa da gam, sannan ya shafa fenti, al'ada ce da ta samo tushe a Birtaniya, inda kamfanin FROG ya fara sayar da irin waɗannan jiragen sama a 1936, kafin Airfix ya yaɗa ta a shekarun 1950, bayan da robar da ake narkarwa a tura cikin mazubin ƙarfe ta yi araha. Sai dai tankokin yaƙi ba su sami ma'aunin da kowa ya amince da shi ba sai a birnin Shizuoka na Japan, inda kamfanin Tamiya, wanda ya soma da yankan katako a 1946, ya fitar da tankar Panther a farkon shekarun 1960. Abin wasa ne mai tafiya da batir, kuma Shunsaku Tamiya, ɗan mai kamfanin, ya bayyana daga baya cewa an tsara girmansa ne don cikinsa ya ɗauki batura da ɗan inji, sai da aka auna aka tarar ya zo kashi 1 cikin 35 na ainihin tankar. Wannan ma'auni na 1/35, wanda buƙatar batir ta haifar, shi ne har yau yawancin kamfanoni ke bi.

Cikin duk tankokin da aka mayar roba, da wuya a sami wadda aka maimaita kamar Tiger, ko da yake ba ta da yawa a fagen daga a Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Henschel na birnin Kassel ya ƙera wajen 1,350 tsakanin 1942 da 1944, kowace mai nauyin tan fiye da 50 da igwa mai bakin milimita 88, sannan ƙanwarta Tiger II, wadda ta kusa tan 70, ba ta kai 500 ba, alhali Amurka ta ƙera Sherman kusan 50,000. Tankoki ne masu shan mai da yawan lalacewa a hanya, amma tsoron da suka jefa a zukatan sojojin ƙawance, da hotunan da farfagandar Nazi ta bari jingim, sun ba su suna wanda ya zarce aikinsu, kuma suna ne ke sayar da kwali.

Da aka shiga shekarun 1970 sai abin ya tashi daga wasan yara ya koma aikin manya masu bin diddigi. Francois Verlinden na Beljiyam da Sheperd Paine na Amurka sun yaɗa dabarun tsufar da samfuri, wato a sa fenti ya nuna ƙura, tsatsa da taɓo kamar tankar ta sha wuya. Bincike cikin takardun masana'antar Jamus, musamman na Thomas Jentz da Hilary Doyle, ya fito da canje-canjen da aka riƙa yi wata bayan wata, har masu haɗawa suka raba Tiger kashi uku, ta farko, ta tsakiya da ta ƙarshe. Wanda ya shafa toka-toka mai duhu a kan tankar da ta fito bayan Fabrairun 1943, lokacin da aka koma rawaya mai duhu, ya yi kuskure a idonsu. Abin da ya fi ba su wuya shi ne zimmerit, wani kwaɓi mai gurgura da Jamusawa suka riƙa yaɓa wa tankokinsu daga 1943 zuwa Satumban 1944 don hana nakiya mai maganaɗisu mannewa, duk da cewa abokan gabansu ba su cika amfani da irin wannan nakiya ba. A kan samfurin da tsawonsa har bakin igwa kusan santimita 24 ne kawai, mai haɗawa yakan shimfiɗa kwaɓi siriri, ya bi shi da haƙoran ɗan zarto layi bayan layi kafin ya bushe, idan kuma hannu ya goce sai a kankare a sake. Kamfanin Dragon na Hong Kong, wanda aka kafa a 1987, da na ƙasar Sin da suka biyo baya, sun ƙara da sarƙar ƙafa da ake haɗawa gaɓa-gaɓa da siraran sassan tagulla, har sassan wasu kwalaye suka haura guda 1,000, da inji da harsasai a ciki.

Wannan tsantseni a kan ƙusa da launi bai cika kaiwa ga mutanen da ke bayan tankar ba. Takardar cikin kwali takan nuna lambar tankar kwamandan Tiger Michael Wittmann, amma ba ta tsayawa kan cewa hafsan rundunar SS ta Nazi ne, ko cewa Henschel ya yi amfani da ma'aikatan tilas a Kassel. Masana tarihi Ronald Smelser da Edward Davies sun soki irin wannan kambama sojan Jamus a littafinsu na 2008. A Jamus kuwa doka ta hana baje alamomin Nazi a kan kayan sayarwa, don haka kwalayen da ake kai wa kasuwarta sukan zo ba tare da su ba.